Filin Manoma: Kada A Tsinka Kunun Yaro Da Ruwa

Jama'a, yau madafa za mu leƙa, gama can abin da muka noma yake ƙarewa.

Kowa ya san gasara. A ruwan sanyi ba ta narkewa, sai ta kwanta a gindin ƙwarya. Amma da ta ji ruwan zafi sai ta kumbura, kunu ya yi kauri. Dalili kuwa, sitacin da ke cikin gero da dawa da rogo kamar dogayen igiyoyi yake, masu sarƙe juna. Abin da duk ya yanka igiyoyin nan ya rage kaurin.

Ga abu biyu masu yanka su. Na fari tsami, shi ya sa kunun tsamiya in ya daɗe bisa wuta yakan ɗan saki. Cikin 1811 wani masani a Rasha, Kirchhoff, ya dafa sitaci da ruwan tsami mai ƙarfi har ya koma sukari. Na biyu tsiro, watau hatsin da aka jiƙa ya tsira. Cikin 1833 Payen da Persoz na Faransa suka ware sinadarin da ke wannan aiki daga tsiron sha'ir. Har yau da irin dabarun nan masana'antu ke juya sitaci yadda suke so.

To, ina ruwan manomi? Ga ruwansa. Nan Kanya Babba sau da yawa nakan ga an dama kunu mai kauri, yaro ɗan wata bakwai ya kasa haɗiya, sai uwa ta tsinka da ruwa. Cikin yaro ƙarami ne. Ya cika da ruwa, yaro yana ramewa, alhali rumbu cike. A ganina wannan kuskure ne, maganinsa kuwa yana cikin rumbun.

A jiƙa gero kwana ɗaya, a shimfiɗa a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana biyu ko uku har ya tsira. A shanya ya bushe sarai, a murje saiwa da tohon a zubar, musamman in dawa ce, don tohonta da dafi. Sa'an nan a niƙa. In an dama kunu mai kauri, a bari ya ɗan huce, gama tafasasshen kunu yana kashe ƙarfin tsiro. A zuba ƙaramin cokali ɗaya, a motsa. Kafin minti goma ya tsinke, ba a ƙara ruwa ba. A sake tafasawa, a ba yaro, nono kuma kada a fasa. A Tanzaniya an yaɗa wannan dabara cikin shekarun 1980.

Wani zai ce ai tsiro kayan masu giya ne. A'a. Giya sai an bar abu ya ruɓa, nan kuwa take ake sha. Masu kunun zaƙi ma da shi suke aiki.

Maigida, auna tiya ɗaya a gwada. Allah ya raya mana zuriya, amin.