An sallami ungozoma, wa aka aje a gurbinta?

Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar cikin shekara ta 2012 ya nuna cewa a cikin haihuwa 100, kimanin 30 ne kaɗai aka yi a gidan likita. Sauran an yi su ne cikin ɗaki, bisa tabarma, a hasken cocila. Binciken ya kuma ƙiyasta cewa a kowace haihuwa 100,000 mata 535 ke rasa ransu. An ɗan matsa gaba tun daga lokacin, wannan ba abin musu ba ne, amma har yanzu ɗimbin matan karkara a gida suke durƙusawa. Abin tambaya ga magabatan kiwon lafiya shi ne: wa suka tanadar wa matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a wani ƙauyen Dakoro ko na Tanut? Amsar da ta saura a hannunsu ita ce ta zo matarniti, alhali wannan umurni ne, ba tanadi ba.

Da can ba haka abin yake ba. Tun cikin shekarun 1960 jahar Maraɗi ta yi suna da tsarin ma'aikatan lafiya na ƙauye, inda gari ke zaɓen mai ba da agajin farko da kuma ungozoma, wadda mutanen yamma ke kira arwanka, a horar da su, a ba su ɗan akwatin aiki. Taron Alma-Ata na 1978 ya zo ya ƙarfafa irin wannan hanya. Daga baya iska ta juya. A taron Kolombo na 1997 masana suka yanke cewa horar da ungozomar gargajiya bai rage mutuwar mata yadda aka zata ba, sai a koma ga ƙwararrun ma'aikata. Masu ba da tallafi suka ɗauke jakar kuɗinsu, ma'aikatunmu na Afirka kuwa, da yake raƙumi da akala ne, suka bi. Aka bar tsohuwa da akwatin da ya yi tsatsa, aka ce aikinta yanzu rakiya kawai.

Masanan ba su yi ƙarya ba. Ungozoma ba ta fiɗa, ba ta ƙarin jini, ba ta da maganin jijjigar masu ciki. Akwai ma ɓarnar da ta fito daga hannunta ko da yardarta: yankan gishiri da ke jefa yarinya cikin yoyon fitsari, aska mai tsatsa a kan cibiya, jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa mai naƙuda, da jinkirin kwana biyu ana jiran ikon Allah alhali ɗa ya gicciye. Duk wanda ya san dalilin buɗe cibiyar masu yoyon fitsari ta Danja, kusa da Maraɗi, a 2012, ba zai yi wa gargajiya kirari da ido rufe ba. Sai dai kafin mutum ya zubar da ruwan tulu ya kamata ya ga hadari ya sauko. An janye hannu daga ungozoma tun ba a samu sajifam ɗin da za ta maye ta ba. Makarantun lafiya na Yamai da Damagaram suna yaye ɗalibai, amma nawa ne cikinsu ke yarda su zauna inda babu lantarki, babu famfo, babu lakwal ɗin kirki ga ƴaƴansu? Takardar canjin wurin aiki ba ta da wuyar samu ga mai uwa a gindin murhu.

Gwamnatoci sun yi abin a yaba, a faɗi gaskiya. Shugaba Tanja ya gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka tun daga 2001. An mai da fiɗar masu ciki kyauta a 2005, awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, ko da yake bashin da baitulmali ya riƙa tara wa gidajen likita ya sa kyautar ta sha zama ta takarda. A 2024 kuma aka ce haihuwa kanta ta zama kyauta a gidajen likitan gwamnati. To amma kyautar tana farawa ne daga bakin ƙofa. Ba ta biyan amalanke, ba ta ƙetare Gulbin Kaba da damina, ba ta zuba mai a ambilans.

Akwai kuma abin da ba a son faɗi a taron bita. Mata da yawa da ke kusa da matarniti ma ƙin zuwa suke. A gida mace na durƙusawa yadda ta saba, uwarta na kusa, ana binne mabiyiya cikin mutunci, ga ruwan zafi. A can kuwa sai a kwantar da ita rigingine, a yi mata tsawa, wani lokaci a gaya mata maganar da ko kishiya ba ta faɗa. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun daɗe suna rubuta wannan. Yarinya mai haihuwar fari, wadda aka tarbiyyantar da kunya har ba ta yin ƙara in naƙuda ta taso, wane ƙarfin hali zai kai ta wurin da za a tona mata asiri gaban baƙi? Masu cewa a ci tarar duk wadda ta haihu a gida su duba Malawi: ta haramta aikin ungozoma a 2007, aikin ya koma ɓoye, a 2010 aka ɗage haramcin.

Abin takaicin shi ne kayan ceton rai sun yi araha yanzu. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan masu kashe mata, kuma tana iya gamawa da mace cikin ƴan awoyi. Allurar oksitosin na buƙatar sanyi da mai iya yin ta. Ƙwayar misoprostol ba ta buƙatar ko ɗaya. Tun 2012 hukumar OMS ta yarda ma'aikacin ƙauye ya ba da ita inda babu ƙwararre, a 2020 kuma ta yarda a damƙa ta ga mai ciki tun kafin ranar. Nijar kanta ta gwada shirin yaƙi da zubar jini a gidajen likitanta daga 2014, mutuwar da yake haddasawa ta ragu da fiye da rabi. Wa ya fi dacewa ya kai wannan ilimi cikin ɗaki in ba matar da ke yanke cibi, take shiga gidan safe da yamma har ranar suna ba? Ita ce za ta fara ganin zane ya jiƙe fiye da kima, ita za ta ji jikin mai jego ya yi zafi a kwana na uku. A koya mata alamomin hatsari, a ba ta reza sabuwa da sabulu da maganin cibiya, a sa mata lambar sajifam a salula, sannan a biya ta, domin ladan goro da ƙafar ragon suna ba albashi ba ne. Wadda ta ci gaba da yankan gishiri kuma a karɓe akwatin, hakimi ya sani.

Maigida ma ba zai wanke hannunsa ba, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin bariki. Akwai mazan da ke tanadin rago tun ciki na wata biyar, su ɗinka shadda, su yi alkawali da maroƙa, amma ba su aje ko jika biyar ta mota ba. Wasu sukan yi tafiyar fatauci Kano ko Agadas ba su bar izinin a kai matar likita in abu ya ɓaci ba, sai a zauna ana neman su a waya jini na zuba. Izinin nan magana ɗaya ce, a gaban uwa da ungozoma, tun kafin a ɗaura kaya a tasha.