Wanda ya nemi kuɗinsa ba shi ya ɓata zumunci ba

Ranar neman rance baki yakan yi zaƙi. "Mutumina, don Allah ka rufa min asiri, kayana suna hanya daga Legas, suna isowa zan mayar maka kafin ƙarshen wata." Mai kuɗi ya ɗauki waya ya tura naira dubu 500, ba takarda, ba shaida, saboda tare suka tashi, tare suka yi makarantar allo. Wata ya ƙare, wani ya kama. Amsa ta koma "wallahi ina sane", ta koma "ka ƙara min haƙuri", har ta kai waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Daga nan sai ka ga mai kuɗin ne ke jin nauyin kira, shi ke sauya hanya idan ya hango abokin a majalisa, kamar shi ya ci bashin.

Haka al'amarin ya juye a garuruwan Hausawa da yawa, kuma bai dace a ci gaba da kawar da kai ba. Idan mutum ya matsa a ba shi haƙƙinsa, nan da nan za a ce ba shi da kara, ya fifita kuɗi a kan mutunci. Wanda ya riƙe kuɗin kuwa ana gaisawa da shi lafiya lau, ya yi sabon ɗinki da Sallah, ya yi liƙi a wurin biki, ba mai ce masa uffan. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya ne: a Kantin Kwari da Singa da Dawanau kaya masu yawa a kan amana suke fita, a sayar sannan a kawo kuɗi. Amma abin da ya riƙe wannan ciniki tsawon shekaru shi ne ana biya. Ɗan kasuwar da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa layi na gaba. Tsakanin abokai ne aka rasa wannan tsawatarwa, kunya ta zama garkuwar mai taurin bashi.

Jinkirin ma hasara ce da kansa. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Dala ta tashi daga kusan naira 460 a kasuwar gwamnati ta wuce 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Wanda ya ba da rancen dubu 500 a farkon 2023, ko da an biya shi cif bayan shekara biyu, kuɗin ba za su saya masa rabin fetur ko shinkafar da za su saya a da ba. Ba kuma zai ce a ƙara masa ko sisi ba, don ya san riba haramun ce. Duk watan da aka ja masa rai, shi kaɗai ke ɗaukar faɗuwar.

Masu fakewa da addini su ce a yi haƙuri a bar wa Allah, rabin karatun suka ɗauka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, wadda ke biye da ita kuma ta kawo batun jingina. Aya ta 280 ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ta kuma kwaɗaitar da yafewa. Sai dai hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali zalunci, kuma Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya dakata da sallatar wani mamaci da ake bi bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Saboda haka tambayar farko ita ce: abokin nan babu ce ta hana shi, ko ƙi ya yi? Wanda gobara ta cinye shagonsa ko rashin lafiya ta kwantar da shi, a saurara masa. Yana ma cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Wanda ya sauya mota da kuɗin mutane a aljihunsa, wannan maganarsa daban.

Ga wanda ya riga ya bayar ba takarda, ƙofa ba ta rufe ba. Abu na farko ya daina hannunka mai sanda, ya je ya zauna da mutumin su biyu, ya faɗi adadi, ya nemi rana. Ya kuma samu amincewarsa a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne: "Malam, dubu ɗari biyar ɗin nan na watan Sha'aban, yaushe zan sa rai?" Idan amsa ta zo cewa "in sha Allahu ƙarshen wata zan fara ragewa", to an samu hujja, a adana ta tare da shaidar tura kuɗi ta banki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin wannan shaida idan an cika sharuɗɗanta. In biya gaba ɗaya ya gagara, a yanka masa kaɗan-kaɗan a wata, ko ya ajiye jingina, ko ya kawo wanda zai tsaya masa. Dubu hamsin da ke shigowa duk wata ta fi alkawarin biya dunƙule da ba ya zuwa.

Idan hakan bai yi ba, sai a sa baki na uku: yayan mutumin, ko ubangidansa a kasuwa, ko limamin unguwa, ko mai unguwa. Mutane da yawa da ba sa jin kunyar abokinsu suna jin ta surukinsu. A Kano, Hukumar Hisba, wadda doka ta kafa a 2003, tana zaman sulhu a kan irin wannan rigima, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna yi wa 'ya'yansu. Duk abin da aka cimma a zaman a rubuta, kowa ya sa hannu.

Inda masu bin bashi suka fi jefa kansu a rami shi ne ofishin 'yan sanda. Zuciya ta ɗebi mutum, ya je ya sa a kulle abokinsa kwana biyu don ya ji a jikinsa. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba, haka ma sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015. Kotun Ƙoli ta faɗa a 2018 cewa EFCC ma ba hukumar karɓo bashi ba ce. Wanda aka kulle yana iya kai ƙarar tauye masa haƙƙi, kotu ta ci tarar wanda ya sa aka kama shi, mai bin bashi ya wayi gari shi ake bi. Sai fa in tun farko da yaudara aka karɓi kuɗin, wannan damfara ce, laifi ne. Haka nan liƙa hoton mutum a Facebook ana kiransa ɓarawo, ko kwace masa babur a hanya, duk suna iya mayar da mai gaskiya wanda ake tuhuma.

Hanyar da doka ta tanada ita ce kotu, kuma ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Legas ta buɗe kotun ƙananan ƙararrakin bashi a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, jihohi da dama suka bi sahu. Da aka fara, iyakarta naira miliyan 5 ce. Ana somawa da takardar neman biya da ke ba wanda ake bi kwana 14, in bai biya ba a shigar da ƙara, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a kammala cikin kwana 60. Musulmi kuma suna da kotun shari'a, inda ƙa'idar take a fili: mai da'awa ya kawo hujja, mai musu ya yi rantsuwa. Kada dai a yi sanyin jiki, domin a kotunan da ke bin dokar ƙayyade lokaci, ƙarar bashi tana mutuwa bayan shekara shida a wasu jihohi, biyar a wasu, sai in wanda ake bi ya amsa a rubuce ko ya rage wani abu, lissafi ya sake farawa.

Akwai kuma mutuwa, wadda masu jin nauyi ba sa sawa a lissafi. A wurin jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, domin ba a raba gado sai an biya. Amma magada ba su san da zancen da aka yi a waya shekara uku baya ba, kuma wasunsu marayu ne ƙanana da alƙali ke da alhakin kare dukiyarsu. A mazhabar Malikiyya, mai da'awar bashi a kan mamaci ko ya kawo shaidu sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba. Idan mai kuɗin ne ya riga mutuwa, 'ya'yansa ba su ma san akwai dubu 500 ɗin ubansu a hannun wani ba, sai in ya bar saƙo ko takarda, ko ya gaya wa matarsa sunan wanda ya karɓa da adadin.