Littattafan da Suka Yi Gudun Hijira

A shekarar 1944 wani littafin ƙagaggen labari mai suna Transit ya fito da Turanci a birnin Boston na Amurka, ya kuma fito da Sifaniyanci a Meziko. Marubuciyarsa, Anna Seghers, Bajamushiya ce, da Jamusanci kuma ta rubuta shi, amma sai a 1948 aka buga shi littafi a harshensa na asali. Labarin mutanen da suka maƙale ne a tashar jiragen ruwa ta Marseille, a kudancin Faransa, lokacin yaƙin duniya na biyu. Wanda ya samu biza bai samu tikitin jirgi ba. Kafin tikiti ya samu, bizar ta mutu. Kafin a sabunta ta, takardar izinin ratsa wata ƙasa ta ƙare. Ita ma marubuciyar ta sha wannan layi kafin ta samu ficewa da mijinta da 'ya'yanta biyu a watan Maris na 1941.

Duk wanda ya riƙe tsohon bugun nan na Boston, tun bai kai ga shafin farko na labarin ba ya riga ya karanta wani labari a ƙasan shafin suna: gari, shekara, da sunan mai fassara. Layuka biyu ko uku sun isa su shaida masa cewa mai littafin ba ta da ƙasar da za ta buga shi. Sabon bugu, komai kyan takardarsa, ba ya ɗauke da wannan shaida. Wannan ne dalilin da ya sa harkar tsofaffin littattafan gudun hijira ta cancanci a kula da ita, ko da kuwa mutum bai taɓa leƙa gidan gwanjo a Landan ba.

Bayan ɗalibai masu goyon bayan Hitler sun cinna wa littattafai wuta a Berlin da wasu biranen Jamus ranar 10 ga Mayun 1933, marubuta da yawa suka tsallaka iyaka. A Amsterdam wani mai buga littattafai ɗan Holan, Emanuel Querido, ya haɗa kai da Fritz Landshoff, wanda shi ma gudu ya yi daga Berlin, suka buɗe sashen da zai riƙa buga littattafan Jamusanci na waɗanda aka kora. Cikin shekara bakwai sun fitar da littattafai fiye da 100, na su Heinrich Mann da Lion Feuchtwanger da Joseph Roth da ita Seghers. A Mayun 1940 sojojin Jamus suka mamaye Holan. Landshoff yana Landan a lokacin, ya tsira. Querido da matarsa kuwa an kama su, aka kashe su a sansanin Sobibor a 1943.

Littattafan wannan kamfani ba su da damar shiga Jamus. Masu sayensu 'yan gudun hijira ne da ke kwana a ɗakin haya, waɗanda idan tafiya ta sake kamawa akwati ɗaya suke ɗauka. Shi ya sa suka warwatsu a duniya. Da yaƙi ya ƙare, Jamusawa suka waiwaya suka ga adabinsu na shekara 12 babu shi a ɗakunan karatunsu. A 1949 babban ɗakin karatu na Frankfurt, ƙarƙashin Hanns Wilhelm Eppelsheimer, ya fara tattara su da taimakon marubutan da suka yi zaman hijira a Suwizalan. Daga nan aka samu taskar adabin hijira da ke cikin ɗakin karatu na ƙasar har yau. Kyauta daga hannun masu su da kuma cinikin dillalan tsofaffin littattafai ne suka cika kantocinta.

Sai dai kasuwa tana da nata ma'aunin, kuma suna take bi. Kundin Anne Frank, yarinyar da iyayenta suka gudu daga Frankfurt zuwa Amsterdam, ya fara fitowa ranar 25 ga Yunin 1947, kwafi 3,036. Yau an fassara shi zuwa harsuna fiye da 70, kuma kwafin bugun farko mai lafiya dubban daloli ake sayar da shi, musamman idan rigar takardar da ke lulluɓe da bangonsa ba ta yage ba. Babu mai jayayya da darajar littafin. Abin da ke damun mai wannan shafi shi ne yadda dillali yake auna yagewar riga da tabon ruwa, ya rage kuɗi saboda hatimin wani laburare ko rubutun wani mai shi na da, alhali a littafin ɗan gudun hijira waɗannan tabo su ne rabin tarihin.

Ga misali mafi ƙarfi. Da aka gama yaƙi a 1945, miliyoyin mutane ne aka tarar a Jamus ba a ƙasarsu ba. Akasari an mayar da su gida, amma kusan miliyan ɗaya suka ƙi komawa ko suka rasa inda za su koma: Yahudawa, 'yan Folan, 'yan Yukren, 'yan Latbiya, 'yan Lituweniya, 'yan Estoniya. Suka zauna a sansanonin da hukumar UNRRA, daga baya IRO, ke kula da su, na ƙarshe cikin na Yahudawa, Föhrenwald, sai a 1957 aka rufe shi. A cikin tsofaffin barikokin soja mutanen nan suka buɗe makarantu, suka kafa jaridu, suka buga littattafai a kan takarda mai arha wadda yanzu take karyewa idan an buɗe ta da ƙarfi. Akwai littafin koyon karatu na yara a harshen iyayensu, akwai ƙaramin ƙamus na Turanci ga mai jiran jirgin Kanada ko Ostareliya, akwai waƙoƙi, akwai jerin sunayen waɗanda suka tsira domin dangi su nemi juna. Da yawansu suna ɗauke da alamar izinin hukumar soja ko ta UNRRA, domin ko ɗab'in littafin yara sai da yardar masu riƙe da sansani.

A wannan yanayi ne aka buga Talmud, babban littafin shari'ar Yahudawa, cikin juzu'i 19 a Heidelberg tsakanin 1948 da 1950, da tallafin sojojin Amurka, saboda malaman da suka tsira sun rasa cikakken kwafi da za su karantar da shi. Wannan kam masu tara littattafai sun san shi, suna kuma rububinsa. Amma ɗan littafin koyon baƙi na yaron Latbiya mai shafi talatin, shekaru da yawa ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Jikoki ne suke tsintarsa a akwatin kaka a Toronto ko Melbourne, wasu su kai gidan tarihi, wasu su zubar. Mai son sanin yadda ɗan gudun hijira yake ganin kansa, da abin da yake tsoron 'ya'yansa su manta, a wannan ɗan littafi zai gani.

Haka littattafan masana suke shan rainin kasuwa. Binciken da John Hope Simpson ya jagoranta kan matsalar 'yan gudun hijira, wanda ya fito a 1939, da Imposing Aid na Barbara Harrell-Bond na 1986, wanda ta rubuta bayan zama da 'yan Yuganda a kudancin Sudan, inda ta nuna yadda agajin da ba a shawarci mai karɓarsa ba yake kashe masa zuciya: irin waɗannan sukan fito kasuwa ne da hatimin jami'ar da ta sallame su. Duk ma'aikacin agaji a Maiduguri ko Diffa da littafin Harrell-Bond ya faɗo hannunsa, ya saya.

Akwai kuma wata tambaya da mai tara littattafai na ƙwarai ba zai kauce mata ba: ta yaya wannan kwafi ya bar hannun mai shi?

A garin Offenbach, kusa da Frankfurt, sojojin Amurka sun buɗe wata ma'ajiya a 1946 inda aka tara miliyoyin littattafan da 'yan Nazi suka kwashe daga gidaje da majami'u da makarantu a faɗin Turai. Ma'aikatan wurin sun ɗauki hotunan hatimai da alamomin mallaka da ke cikin littattafan, suka haɗa su kundi-kundi, suka riƙa bi da su suna gano daga wane gari ko wace makaranta kowane tuli ya fito. Da haka aka mayar da mafi yawa. Har gobe ɗakunan karatun Jamus da Ostiriya suna bin kantocinsu suna neman magada.

Shekara biyu bayan buɗe Offenbach, a 1948, aka bi gidajen Falasɗinawan da suka gudu daga unguwannin yammacin Ƙudus aka kwashe littattafai kimanin 30,000 zuwa ɗakin karatun da yanzu shi ne na ƙasar Isra'ila. Kimanin 6,000 daga cikinsu suna nan da alamar AP, wato dukiyar da aka bari. Masu kare wannan aiki suna cewa ceto ne daga wawaso da ruwan sama. To, ko da ceto ne, amana ana mayar da ita, kuma shekara fiye da 70 ke nan. Cikin waɗanda aka kwashe har da na malami kuma marubuci Khalil al-Sakakini, wanda ya bar gidansa na unguwar Ƙatamon a Afrilun 1948, ya rasu a Alƙahira a 1953. 'Yarsa Hala ta rubuta cewa a 1967 ita da 'yar'uwarta sun je ɗakin karatun, aka ce su ambaci littafi ɗaya, suka ambaci Al-Bukhala na Jahiz, aka kawo, sai ga rubutun mahaifinsu a ciki. Suka duba, suka mayar. Ƙa'idar da ta yi aiki a Offenbach ita ce ya kamata ta yi aiki a Ƙudus, domin hatimin Bayahude da na Bafalasɗine magana ɗaya suke yi.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan labari ba ce. Bayan faɗan Burmi a Yulin 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba gabas da ragowar jama'a har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Wanda ke son karanta yadda zuriyar waɗannan mutane da sauran Hausawan Sudan suka rayu, zai nemi littafin Mark Duffield kan Maiurno na 1981 da Permanent Pilgrims na C. Bawa Yamba na 1995. Dukansu a Birtaniya aka buga su, da Turanci, kuma ɗalibin Sakkwato ya fi saurin samunsu a wajen dillalan gwanjo na intanet fiye da kantin garinsu. Hatta Bayan Wujub al-Hijra na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bugun da Fathi El-Masri ya tace ya kuma fassara, a Khartum ya fito a 1978.

Na yanzu ya fi ciwo. Rikicin Boko Haram ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu. Akwai sansanin Minawao a Kamaru tun 2013, akwai na yankin Diffa a Nijar da na Baga Sola a Chadi, ga mutanen Zamfara da Sakkwato da suka tsallaka Maraɗi tun 2019. An yi littattafai a kai, irin na Helon Habila kan 'yan matan Chibok na 2016 da na ɗan jaridar Jamus Wolfgang Bauer, kuma sun yi amfani. Amma an rubuta su ne domin mai karatu na waje. Abin da su masu gudun suka bari da hannunsu daban ne: littafin rajistar da shugaban sansani yake rubuta sunan kowane gida da ƙauyensu, katin rabon abinci, littafin rubutun ɗalibin makarantar tanti, ƙasidar da wani malami ya tsara kan ranar da aka tashi garinsu, waƙoƙin da ke yawo a katin waya. Wasu daga cikin 'yan matan Chibok sun rubuta abin da ya same su a daji cikin littattafan rubutu na makaranta, suka ɓoye, suka fito da su. Da gwamnatin Barno ta rufe sansanin Bakassi na Maiduguri a Nuwamban 2021, mutane aka kwashe; takardunsu kuwa kowa ya ɗaura nasa a leda, ga gara, ga damina.

Akwai kuma gafaka. Barno ta shahara da Alƙur'anai rubutun hannu, wasu da sharhi cikin tsohon harshen Kanembu a gefen shafi. Malamin da ya gudu da gafakar kakansa, yara na kukan yunwa, idan dillali ya zo masa da kuɗi a hannu ba zai iya dogon ciniki ba. Irin wannan ciniki ne yake ƙarewa a kundin gwanjo na ƙasashen waje da bayanin layi ɗaya, ba sunan gari, ba sunan mai rubutu.

Aikin ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Gidan Arewa na Kaduna yana nan tun 1970, Jami'ar Maiduguri da ta Bayero suna da ɗakunan adana takardu, Yamai tana da cibiyar bincike mai taskar rubutun hannu. Abin da ake buƙata shi ne 'yan ma'aikata kaɗan masu jin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, da na'urar ɗaukar hoton takarda, da akwatunan ƙarfe, da ɗan kuɗin da za a biya mai abu farashin da ba na yunwa ba. Wanda ba ya son rabuwa da nasa a ɗauki hoto a bar masa asalin. A kan kowane abu a rubuta sunan ƙauyen da ya fito, da sansanin da ya zauna, da shekara, sunan mai shi kuma sai da yardarsa, domin har yanzu akwai waɗanda suna a takarda zai iya jawo musu hatsari.