An buɗe hanyar Birnin Gwari, saura allurar shawara

Tun da aka yi sulhu aka buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, motoci suka dawo kan hanyar Kaduna, manoman Randagi da Kakangi suka fara komawa gonakin da suka bari shekara da shekaru. Mun yi murna, har gobe muna yi. Sai dai a duk jawaban da aka sha, ba mu ji wanda ya tsaya kan allurar shawara ba, kuma ita muke nema kafin damina ta kankama.

Ƙwayar shawara a jikin birai take zama, dajin Kamuku kuwa ba ya rasa biri. Sauron daji ya ciji biri, ya juyo kan manomi ko mai haƙar zinari ko mai saran itace. Mutumin ya hau mota da ɗan zazzaɓi, kafin la'asar yana Kaduna ko Funtuwa. A can wani sauron ke jiransa, mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke ƙyanƙyasa a randa da jarka da tsohuwar taya. Da rana yake cizo, don haka gidan sauron da ake rabawa ba ya tare shi. Unguwar da ba famfo, kowa na ajiye ruwan 'yan garuwa, ita ce gonarsa.

Ba yau aka fara ba. A 1986 cutar ta ɓarke a Oju ta Binuwai, shekara ta zagayo ta shiga garuruwan Oyo. A 2019 daga dajin Yankari ta fito ta yi ɓarna a Alkaleri. Ta Luwanda a 2016 sai da ta tsallaka Kinshasa. Sauron nan na gari shi ne kuma ke yaɗa zazzaɓin dengi, wanda ya kashe fiye da mutum 700 a Burkina Faso a 2023. A ƙarshen shekarar hukumar NCDC ta tabbatar da mutum 13 sun kamu da dengi a Sakkwato.

Za a ce maleriya ta fi kisa, kuma tun 2004 allurar shawara tana cikin rigakafin da ake yi wa jariri ɗan wata tara. A takarda haka ne. Amma yaron da aka haifa a yammacin Birnin Gwari a shekarun da uwa ke kwana a jeji da goyo, wa ya kai shi awo? Wane malamin asibiti ne ya yarda ya bi waccan hanyar da akwatin allura? Yaran nan sun tasa, su ne yau ke bin iyayensu gona a bakin daji.

Mutanen yankin sun saba. Sun yi kukan hanya, sun yi kukan tsaro, ba a cika tunawa da su ba sai an ji ƙamshin zaɓe. Ba za mu yarda a ƙara musu da wannan ba, don allurar sau ɗaya ake yi, ta kare mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta fito ta faɗa wa jama'a mutum nawa aka yi wa allurar shawara a Birnin Gwari, mazaɓa mazaɓa, ba jimillar jiha da ke rufe asiri ba. A bi ƙauye ƙauye da tashoshin mota da ramukan zinari, tare da masarauta da dagatai. A daina sallamar duk mai zafin jiki da maganin maleriya ko na taifot: wanda idonsa ya yi rawaya a ɗebi jininsa a aika gwaji a ranar. A Kaduna da Zariya kuma a kwashe tayoyin da ke jibge a bakin garejoji. Duk wannan kafin ruwa ya zauna muke so a yi.