An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan'uwana ɗalibai, a kasuwar Yelwa ta Yawuri in masunci ya sayi kwalekwale ya biya, magana ta ƙare. Masassaƙi ba ya bin sa bakin ruwa kowace safiya yana neman shaidar biya kafin ya bar shi ya tafi su. Haka muka gaji ciniki kaka da kakanni: abin da ka saya naka ne. Amma masu yin wasannin kwamfuta sun zo mana da wani sabon salo, inda za ka biya kuɗi lakadan, a miƙa maka kaya da kwaɗo a jiki, mabuɗin kuwa ya zauna a hannun mai sayarwa.

Wannan kwaɗo, in ji su, don hana kwafin sata aka yi shi. A 2008 kamfanin Electronic Arts ya fito da wasan Spore da sharaɗin ba za a ɗora shi a kwamfuta fiye da sau uku ba, sai da jama'a suka yi ca a kansa sannan ya sassauta. A 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya sayar da Assassin's Creed II na kwamfuta, wanda ko kai kaɗai kake wasa dole intanet ta kasance a haɗe, da ta yanke wasa ya tsaya. Mafi muni shi ne The Crew, wasan tseren motoci da ya fito a 2014: a ƙarshen Maris na 2024 Ubisoft ya rufe kwamfutocin da wasan yake tuntuɓa, duk wanda ya saya ya wayi gari da abin da ba ya aiki.

In Turawa masu wadatar wuta da intanet sun koka, ina ga mu? An gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu da gonakinsu don a samar wa ƙasa lantarki, amma har yau saurayin Wara ta Ngaski ko na Shanga ya san wuta baƙuwa ce, layin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. To, a ce ya tara kuɗin albasa ko na kifi ya sayi wasa na asali, ya zuba mai a janareta, sai wasan ya ƙi buɗewa domin ya kasa gaisawa da ubangidansa a Turai. Alhali kuwa maƙwabcinsa da ya karɓi kwafin da aka ɓalle wa kwaɗo yana can yana wasa ba tare da wata tangarɗa ba. Ashe ke nan an bar jaki ana dukan taiki, kuma an koya wa mai gaskiya cewa gaskiyarsa wauta ce.

Ba muna wanke masu satar fasaha ba ne. Mun ga yadda kwafin sata ya karya cinikin faifan finafinan Hausa a Kano, masu zuba jari suka yi asara. Mai aiki ya cancanci ladan guminsa. Sai dai akwai hanyar kare haƙƙi wadda ba ta wulaƙanta mai saye. Tun 2008 shagon GOG da kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya kafa yake sayar da wasanni ba kwaɗo, kuma masu saye ba su guje shi ba.

Wasu ƙasashe sun fara farkawa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 wadda ta hana shaguna rubuta "saya" ba tare da bayyana cewa izinin amfani kawai ake bayarwa ba. A 2025 kuma mutane fiye da 1,000,000 a Tarayyar Turai suka sa hannu a takardar koke a kan kashe wasannin da aka riga aka sayar. A nan gida, dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta haramta ɓalle irin wannan kwaɗo. Tun da doka ta tsare mai sayarwa, wajibi ne ta tsare mai saye.

Saboda haka muna kira ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya da ta tilasta abu biyu. Na ɗaya, duk wasan da ba ya aiki sai da intanet a faɗa a fili tun kafin a karɓi kuɗi, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na biyu, duk kamfanin da zai rufe kwamfutocinsa ya cire kwaɗon, ko ya mayar wa mutane kuɗinsu. Mu kuma ɗalibai, mu riƙa tambaya kafin mu biya: ciniki ne wannan ko haya? In haya ce, a kira ta da sunanta, a kuma rage farashi. Allah ya sa mu dace.