Haukan kare: kundin likitan dabbobi shi ne garkuwar yaranmu

A kowace shekara ma'aikatar kiwo takan bi karkara tana yi wa shanu allurar ciwon huhu, tana yi wa awaki da tumaki tasu, ana rubuta adadinsu a kundi. Amma akwai wata dabba da ke kwana a ƙofar gida, tana bin makiyayi da mafarauci zuwa daji, wadda ba kasafai ake lissafa ta cikin dukiya ba. Wannan dabba ita ce kare. Ba a kai shi kasuwar Badagishiri a saye shi kamar sa ko rago, saboda haka ido bai cika komawa kansa ba sai ranar da ya ciji yaro.

Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin mutum 100 da suka kamu, har 99 daga kare suke samunsa, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Idan ta shiga ta rauni sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata 2 ko 3. Da zarar alamu sun bayyana, wato firgita da tsoron ruwa, magani ya ƙare. Kafin haka kuwa allura tana ceton rai, tun daga ran 6 ga Yuli 1885 da Luwi Fastor ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 ita a Faransa, ya rayu.

Gundumomin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela suna da dalili na musamman na kula da wannan al'amari. Babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa Ƙwanni da Malbaza da Galmi, ta Tawa kuma ta rabu da ita a Tsarnawa ta bi Badagishiri. Daga Ƙwanni zuwa ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato tafiyar ƴan kilomita ce. Garke yana hawa arewa da damina ya sauko kudu da kaka, karnuka suna biye. Ko a shekarar 2023 da aka rufe iyaka, ba wanda ya tambayi kare takardar wucewa.

To, ta yaya hukuma za ta san inda ciwon yake? Labarin cizo ɗaya yakan rabu gida uku. Gidan likita yana rubuta sunan wanda aka ciza. Ma'aikacin kiwo shi ya san abin da ya sami karen, in an kai masa labari. Mai gari kuwa shi ya san ko karen na wane ne, da kuma awaki nawa ya ciza kafin a kashe shi. Muddin waɗannan uku ba su haɗu ba, cizo 5 a ƙauyuka 5 sai ya zama kamar tsautsayi 5, alhali kare ɗaya ne ya bi hanya.

Abin da kundin ke bukata bai da yawa: rana, da ƙauye, da ko karen mai ubangida ne, da mutane da dabbobin da ya ciza, da yadda ya ƙare. Karen da ya yi cizo a tsare shi kwana 10 zuwa 15 ƙarƙashin idon likitan dabbobi. In ya wuce haka lafiya lau, miyansa bai ɗauke da cutar ranar cizon. In ya mutu ko an kashe shi, kada a taɓa shi da hannu, kada a jefar da shi a bayan gari. Ƙwaƙwalwarsa ake aunawa, ƙasarmu kuwa tana da ɗakin binciken cututtukan dabbobi na LABOCEL a Yamai.

Jihar Tawa ta riga ta ga darasi. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaraden da Tasara, ya kashe mutane, makiyaya kuma sun ga dabbobinsu suna ɓari suna mutuwa. Abin da ke faruwa a garke gargaɗi ne ga mutane, in akwai mai rubutawa da mai karantawa.

Maƙwabtanmu na Cadi sun nuna amfani da iyakar aikin. A Njamena an yi wa karnuka allura a 2012 da 2013, aka kai wajen 70 cikin 100, ciwon ya yanke na tsawon watanni a 2014. Daga baya ya dawo ta hanyar karnukan da suka shigo daga waje. An san yankewarsa da dawowarsa ne domin ana auna karnuka ana rubutawa. Wannan 70 cikin 100 shi ne ma'aunin da masana suka tsayar, ba kuwa za a san an kai shi ba sai an san yawan karnukan gari. Zuba guba bai maye gurbin allura, gama wasu karnuka sukan cike gurbin waɗanda suka mutu.

Duniya ta ɗauki alkawarin kawar da mutuwar mutane ta wannan ciwo nan da 2030. Rabonmu a ciki yana hannun shugabannin gundumomi da magadan gari da sarakuna: a ƙidaya karnuka lokacin allurar garke, ma'aikatan lafiya da na kiwo su gwama kundinsu kowane wata, a kuma riƙa musanyar labari da hukumomin ƙetaren iyaka. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna iya riƙe wa mai gari littafin ƙauye.

Ga iyaye kuma: in kare ya ciji yaro, a wanke raunin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi gidan likita a ranar, ba tare da jiran sakamakon karen ba, sannan a sanar da ma'aikacin kiwo. Ba a fafe gora ranar tafiya.