Gemu Ba Ya Hana Ilmi

Ranar 8 ga watan Satumba ta kowace shekara ita ce ranar da Hukumar UNESCO ta keɓe don tunawa da yaƙi da jahilci, kuma tun 1967 ake bikinta a duniya. A nan Nijeriya wannan yaƙi ya daɗe. A cikin shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan manya birni da ƙauye, Alhaji Ahmadu Coomassie yana jagorancin aikin, hukumar NORLA ta Zariya kuma tana buga littattafai da ƙananan jaridu domin waɗanda suka fara haɗa baƙi. A 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, a 1982 Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin ƙasa baki ɗaya, sa'an nan a 1990 aka kafa hukumar tarayya mai kula da wannan fanni.

To, amma akwai wani ciwo da ba a cika maganarsa ba. Mutane da yawa sun taɓa shiga aji, ko sun bar firamare tun suna ƙanana, sun iya rubuta sunansu, daga nan suka tsaya. Karatu kuwa kamar wuƙa yake, in an ajiye shi sai ya yi tsatsa. Domin irin waɗannan ne aka tanadi aji na gaba, wanda ke kai mutum matsayin ƙarshen firamare, daga nan mai himma ya zarce har jarrabawar sakandare.

A dubi ɗan kasuwa a Sabo ta Ibadan ko a Agege ta Ikko. Ya sayar da buhunan albasa, mai saye ya nuna masa waya ya ce kuɗi sun shiga. In bai iya karanta saƙon banki da kansa ba, sai ya nemi yaro ya duba masa, asirinsa ya fita, wani lokaci ma a nuna masa saƙon ƙarya a tafi da kayansa. Haka uwa take tsaye da kwalbar maganin ɗanta, ba ta san ko cokali ɗaya aka rubuta ko biyu ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Babban abin da ke hana manya komawa shi ne kunya, wai kada a ga mai furfura da alli a hannu. Wannan kunya asara ce. Wanda ya yi allo, ya iya ajami, ai ya riga ya san hanyar haɗa baƙi da wasali, boko ba zai gagare shi ba. Azuzuwan kuwa galibi da yamma ake yinsu, bayan an tashi daga kasuwa ko gona.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa na kurmi da shugabannin 'yan kasuwa su nemi hukumar ilmin manya ta jihar da suke zaune ta buɗe musu aji a unguwanninsu, su kuma fara rubuta sunayensu kafin na kowa. Magidanta su bar matansu su je. Wanda kuma Allah ya ba shi ikon karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa, ya raka shi ranar farko.